Gishirin da Baba Ya Aika Ruga

Baba bai yi wata uku a gidan hayar da muka kama a Ƙauran Namoda ba ya fara zana daji a tsakar gida. Kullum bayan la'asar zai jawo buzunsa gindin katanga, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zazzage tsakuwoyin da ya tara a wani tsohon gwangwanin madara, ya shiga jera su. Manyan su ne duwatsun yamma, can gaba da Shinkafi, inda ya yi farauta tun yana saurayi. Ƙananan su ne wuraren yada zango. Ƙorama da tsinke yake jan ta, in ya zo inda ruwa ke kaiwa rani sai ya dangwala yatsa ya yi ɗan rami. Da safe ni kuma in zo da tsintsiya in share dajin kaf, duwatsu da ƙoramu, in tara masa tsakuwoyinsa a gefe. Bai taɓa ce mini don me ba. La'asar na yi zai sake jera kayansa, kowanne inda yake jiya.

Mu uku ne a gidan. Ni na dawo gaban mahaifina bayan rasuwar mijina, ina koyarwa a wata firamare. Yayana yana tuƙa motar haya tsakanin Ƙaura da Shinkafi, iyalinsa kuma ya kai su wurin dangin matarsa. Sai Baba. Inna ta riga mu gidan gaskiya tun kafin ƙasar ta lalace, kuma sau da yawa nakan ce Allah ya so ta. Ƙauyenmu a wajen Zurmi yake. Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka baro shi ba, duk wanda ya fito yankin nan akwai irin labarin a gidansu. Mun dai bar gero tsaye a gona, kuma Baba bai ɗauko komai ba sai buzunsa da bindigarsa ta toka, wadda ya naɗe cikin tabarma ya rungume har muka iso.

Maharbi ne ɗan maharbi. Ba irin masu bin zomo da karnuka a bayan gari ba, waɗannan in an ambace su taɓe baki yake yi. Shi manyan namun daji yake bi: gwanki, kanki, har ɓauna a zamanin da akwai ɓauna. Duk shekara in an gama kaka, ciyawa ta bushe, namun daji sun taru inda ruwa ya rage, sai shi da abokansa su ɗora wa jakuna kaya su nufi yamma, su yi wata guda ko fiye. Su dawo sun yi baƙi sun rame, suna ƙaurin hayaƙi, jakuna na nishi da bandar nama. Ina ƙarama babu ranar da ta kai wannan daɗi a gidanmu, har maƙwabta sai sun gaji da tauna.

Amma kafin a ɗora wa jaki ko da igiya ce, akwai abin da ake fara yi. Baba yana da amini, wani Bafillace da rugarsu ke wajen Katuru, wanda kiwo ke kai shi har gindin duwatsun nan. Bappa muke ce masa. Dogo ne siriri, ba ya cika magana. In ya zo gidanmu yakan kawo wa Inna man shanu a ɗan ƙoƙo, ni kuma ya ce in na girma zai ba ni karsana, alkawarin da yake sabuntawa duk shekara ana dariya, har na yi aure ban ga ko wutsiyarta ba. Shi ne idon Baba a dajin. Ya san inda ruwa ya ƙafe, inda cuta ta faɗa wa dabbobi, inda baƙin fuska suka sauka. Da an yanke gero, Baba zai sayi kantun gishiri, irin wanda shanu ke lasa, ya aika masa. In daji lafiya, Bappa ya riƙe gishirin ya ba shanunsa, ba sai ya ce komai ba. In ba lafiya, ya mayar da shi yadda aka kai. Wa'adin shi ne shigar dawa rumbu. In dawa ta shiga rumbu gishiri bai dawo ba, to hanya a buɗe take, kuma karfatar naman farko ta Bappa ce.

Ina budurwa na taɓa tambayar Baba me ya hana su aika wa juna magana kamar sauran mutane. Ya ce maganar daji ba a yin ta da baki, don daji na da kunne. In ka faɗi sunan wuri da sunan nama, kafin ka isa labari ya riga ka. Haka ya ga mahaifinsa na yi da mahaifin Bappa. Na taɓa ganin gishirin ya dawo a wata shekara, Baba ya kwance kayansa ya zauna. Wasu maharba na wani gari da ba su da mai gaya musu suka tafi, kuma ba dukansu suka dawo ba. Tun daga lokacin, in ka taɓa maganar gishirin nan kamar ka taɓa masa addini ne.

Rabon Baba da dajin yamma ya kai shekaru, tun da 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan gidajensu. Na ɗauka zanen tsakar gida kewa ce kawai irin ta tsufa. Ashe shiri ne. Na gane haka ne wata rana a ƙarshen damina da abokin farautarsa ya zo, wani tsoho mai ido ɗaya da muke kira Kawu, wanda shi ma gudun ya kawo shi Ƙaura gidan ɗansa. Na kawo musu kunu na tarar sun duƙa kan tsakuwoyi kamar masu dara.

"Bana za mu yamma," in ji Baba, kamar mai cewa gobe kasuwa.

Na ajiye kwanon. "Wace yamma, Baba?"

"Yamma nawa kinka sani?"

"Wadda 'yan bindiga sunka cika? Ko akwai wata sabuwa da anka buɗe ban ji ba?"

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya. Na juyo kansa, don raina ya riga ya ɓaci. "Kai kuma Kawu, kai da ba ka ganin kaza sai ta taka maka ƙahwa, kai za ka halbi gwanki?"

"Ɗiyata, da ido guda a ka halbi," in ji shi. "Na biyun dama ruhe shi a kai. Ni Allah ya hutasshe ni."

Baba ya yi dariya har da hawaye, dariyar da rabon in ji ta tun muna ƙauye. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na koma ɗaki na zauna.

Daga ranar gidan ya zama sansani. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Baba, sai ya fara tun da wuri. Ya warware bindigar ya goge ta da man gyaɗa, ya nemo albarushi ta hanyar da har yau ban sani ba, ya shanya shi a kan murfin tukunyata. Ya ɗauko tsohuwar salka ya jiƙa ta don ta yi laushi, ya dinga cika ta da ruwa yana ratayewa, yana duba inda take tsatsa. Ya kai takalminsa na taya aka sake masa maɗauri. Suka yi ta gardama da Kawu kan jaki, a yi aro ko a ɗauki kaya a ka, sannan kan hanya: Kawu na son a bi ƙorama don ruwa, Baba na cewa bakin ruwa nan ne kowa ke bi, gara a hau ta bayan dutse a sha wahala. Suka yi mako suna jayayya kan inda za a kafa rumfar banda, don kada hayaƙi ya tashi inda za a hango shi. Wannan ne ya nuna mini sun san abin da ke dajin sarai. Ba ruɗewar tsufa ba ce. Da idonsu biyu suke shirin, ko in ce da idonsu uku.

Da aka yanke gero Baba ya tafi kasuwa da kansa ya dawo da kantun gishiri a kafaɗa. Ya naɗe shi cikin wani tsohon rawaninsa mai ruwan toka, ya ɗaure da igiyar rama. Ya miƙa wa Yaya ya ce ya bayar a Shinkafi a kai wa Bappa. Na harari Yaya, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce motarsa ba ta da wuri, ƙaryar da ko yaro ba zai yarda da ita ba. A lokacin matan Fulani na shigowa gari da nono jefi-jefi, sai Baba ya je ya samo wata dattijuwa da ke da dangi wajen Katuru, ya ba ta, ta ce zai isa.

Ranar na tsaya a kansa na faɗi abin da ke raina, ban rage ba.

"Baba, wagga al'ada taku ta zamanin lahiya ta. Kun ce in an yi shiru, hanya buɗe take. To in an kore su hwa? In Bappa ya mutu? In shina son ya maido amma babu mai kawowa? Duk shiru za ka ji, kai kuma ka ɗauka cewa yay yi ka taho."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Ke ba ki san mutumen ga ba. In daji ba lahiya, gishiri na dawowa."

"Bisa kan wa?"

"Ko bisa kan wa."

Na ce to a kira shi a waya mana, ai 'ya'yansa na da waya. Ya ce ko da an same shi, abin da zai ce shi ne lafiya lau, ya gida, ya yara, don shi ma ba zai yi maganar daji da baki ba. Kuma na san gaskiya ya faɗa. Tsofaffin nan biyu kansu ɗaya ne, da dutse aka yi shi.

Sai aka shiga jira. Dawa ta fitar da kai, ta fara ja. A tsakanin nan abubuwa suka ƙara lalacewa. Aka kai hari wani ƙauye a hanyar Shinkafi, aka kashe mutane a gonakinsu, aka kwashe mata. Bayan wannan matasa suka ɗauki makamai suna sintiri a kasuwanni, kuma duk wanda ya yi kama da mutumin ruga ya shiga uku, ko shi wane ne. Masu nono suka ɗauke ƙafa. Dattijuwar da ta kai gishirin ban ƙara ganin ta ba. Wurin da suke jera ƙoransu a kasuwa ya zama fili, masu rake suka gaje shi. Yaya yakan dawo ya zauna, ya daɗe yana wanke hannu kafin ya ci abinci.

Ni kuwa babu ƙofar da ban buga ba. Na je wurin limamin unguwa, ya zo ya yi wa Baba nasiha kan jefa kai ga halaka. Baba ya saurara da ladabi, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya ci gaba da ɗinkin jakar albarushinsa. Na je na zuga 'ya'yan Kawu, su kuwa ba su tsaya lallashi ba, suka saka tsohon a mota suka kai shi wurin 'yarsa a wani gari mai nisa. Na ɗauka shi ke nan, ba mai shiga dajin nan shi kaɗai. Da Baba ya ji labari sai ya cire tsakuwa ɗaya daga zanensa, ta wurin da Kawu zai yi kwanto, ya mayar cikin gwangwani.

"Kayan sun rage nauyi," in ji shi.

Na fashe da kuka a gabansa, abin da ban yi ba ko ranar da muka baro gida. Na ce masa shi kaɗai ya rage mini a iyaye, na binne uwa na binne miji, ba zan iya zaman jiran gawar da ba za a kawo ba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya yi magana a hankali.

"Kin ɗauka nama ni ka nema? Haƙoran cin nama nawa sunka rage man? Ɗiyata, nan gidan in na yi tari maƙwabci na ji. In na hita waje, yara na ce man ɗan gudun hijira. Ni da ni ka kwana bisa dutse in ji numfashin gwanki. So ni kai in ga wurin ga sau guda, in sha ruwan da ke gindin dutsen ga. In Allah ya ɗauke ni can, ya hi man ɗakin haya."

Na tausaya masa, na kuma ji kamar in shaƙe shi.

Guzuri aikin mace ne, kuma da Inna ba ta nan ya faɗo kaina. Na rantse ba zan yi ba. Sai na tarar da shi wata safiya ya durƙusa gaban turmi da taɓarya, tsoho da furfura, zai daka gero da kansa a gidan da maƙwabta ke leƙowa ta katanga. Na fizge taɓaryar. Haka na daka gumba da barkono da citta, na soya gyaɗa na yi dakuwa, na toya ƙuli-ƙuli mai tauri wanda zai yi wata bai yi komai ba, na ƙulla kanwa da daddawa da garin kuka a tsumma daban-daban yadda na ga Inna na yi. Kowace taɓarya na sauke da addu'a nake sauke ta. Ba addu'ar ya dawo lafiya ba, don ban yarda zai dawo ba. Addu'a ɗaya na riƙe, a sujada da kan turmi da hanyar makaranta: Allah ka dawo da gishirin nan, ta kowace hanya.

Aka fara yankan dawa a gonakin da ke kusa da gari, waɗanda ake iya zuwa. Amalanke na wucewa ta ƙofar gidanmu da dammuna, Baba na zaune yana bin su da ido kamar mai jiran ganin wata. Gishiri shiru. Kullum fuskarsa na ƙara washewa, tawa na ƙara ɗaurewa. Ya ɗaure kayansa ya jingina bayan ƙofa. Ya je ya yi aski, ya yanke farce, ya bi maƙwabta yana gaisawa da su fiye da yadda ya saba. Maharbi ba ya sallama, ba ya kuma faɗin rana, amma ni da na tashi a gidan na san saura ƙiris. Na daina share zanensa. Ban san dalili ba, hannuna ne ya ƙi.

Ranar wata kasuwa, na dawo daga makaranta ana kiran azahar, sai na ji tsayuwar motar Yaya a ƙofa. Ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya shigo ba hula, leɓensa a fashe, wuyan rigarsa a yage. A hannunsa akwai ƙunshi cikin rawani mai ruwan toka, da igiyar ramar yadda aka ɗaure ta. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba, a tsakiyar duwatsun yamma.

Wallahi farin cikin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Na zauna a ƙasa ina alhamdulillahi da ƙarfi. Ko raunin bakin Yaya ban tsaya tambaya ba.

Baba ya warware rawanin, ya juya kantun ya duba kowane gefe. Ko gefe ɗaya ba a lasa ba. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, na ga tafiyar ta fita daga jikinsa kamar an zare ƙaya. Amma sai ya juyo gare ni da wani murmushi, irin na wanda ya ci gardama.

"To malama, kin gani? Mi nic ce maki? Daji ba lahiya, ga gishiri ya dawo. Ke da kinka ce babu mai kawowa." Ya juya ga Yaya. "Wa yak kawo shi?"

Yaya ya sa hannu yana goge jinin leɓensa.

"Kai, da kai ni kai. Wa anka aiko?"

"Ba a aiko kowa ba, Baba. Shi yak kawo da kainai."

Ya ba da labarin kansa a ƙasa, muryarsa ba hawa ba sauka. Ya tsaya sauke fasinja a wata ƙaramar kasuwar ƙauye a kan hanya, sai ya ji ana tambayar direba ɗan maharbi. Ya waiga ya ga Bappa, ya tsufa ya rame, ƙafafunsa sun yi futu-futu, ƙunshin a kansa. Bappa ya ce masa tun da gishirin ya iso yake neman wanda zai mayar, kowa ya ƙi, mata sun daina fita, samari kuma in sun shigo gari ba sa komawa. Da ya ga an fara yankan dawa sai ya ɗauka ya taho a ƙasa. Ya san motar Yaya na bin hanyar ranar kasuwa.

"Yac ce in gaishe ka. Yac ce kuma in hwaɗa maka, ko da daji na lahiya, ba shi da mai lasa. 'Yan bindiga sun kwashe shanun tun bara, ko maraƙi ba su bar mai ba."

Yaya ya roƙe shi ya shiga mota ya kawo shi Ƙaura, don ya ga yadda ake kallonsa. Bappa ya ƙi, ya ce ya baro tsohuwa, matarsa, ita kaɗai. Ya juya ya kama hanya. Bai kai bakin kasuwa ba wasu matasa masu sintiri suka tare shi. Wani ya ce leƙen asiri ya zo yi, wani ya ce an ga ya miƙa wa direba ƙunshi. Yaya ya ruga yana ihu ya san shi, aminin babansa ne, gishiri ne a ƙunshin, a zo a duba. Ba wanda ya duba. Aka doke shi a baki aka ce in bai bar wurin ba a haɗa da shi. Suka ja tsohon zuwa bayan kasuwa. Yaya ya ce tsohon bai yi gardama ba, bai ma ɗaga murya ba, sandarsa kawai ya sunkuya zai ɗauka aka take ta.

"An bizne shi?" in ji Baba.

"Wasu dattawa sun ce za su yi mai sutura in an watse. Ban iya tsayawa ba."

Baba bai yi kuka ba. Ya yi salati a hankali, ya sake naɗe kantun cikin rawanin, ya ɗaure igiyar yadda take. Sannan ya tsince tsakuwoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba cikin gwangwani, ya shafe ƙoramar da tafin hannu. Ya tashi ya yi alwala. Ni ina nan zaune inda na yi alhamdulillahi, na kasa ɗaga ido in dubi kowa.

Guzurin da na daka, washegari Baba ya sa aka kai masallaci sadaka. Ya roƙi liman a yi wa wani amininsa addu'a. Yaya ya gaya mini wani daga sahun baya ya tambaya wane ne mamacin, Baba ya juya ya ce da ƙarfi, Bafillace ne, makiyayi, kuma ya fi duk wanda ke cikin masallacin nan amana, har da shi mai maganar. Aka shafa fatiha, wasu da sauri. Mun yi ta neman labarin tsohuwar da Bappa ya baro, ba mu samu ba, an ce rugar ta watse. Bindigar kuwa Baba ya mayar cikin tabarma ya tura ƙarƙashin gado, kantun ya ajiye a kusurwar ɗakinsa wajen kai.

Na sami abin da na roƙa. Mahaifina yana nan da ransa, yana zaune gindin katanga bayan la'asar, ƙasar gabansa a share tas. Ina jin daɗin ganinsa, ba zan yi ƙarya ba, kuma ba na jin zan taɓa iya gode wa Allah a kan wannan da zuciya guda.

Bayan kwanaki kaɗan na kai masa tuwo, ya kai loma ɗaya ya ture kwanon.

"Gishiri ya yi yawa."

Na ɗanɗana, daidai yake. Washegari na rage, ya ce ya yi yawa. Na ƙara ragewa har miyar ta zama lami, Yaya na ci yana ɓata fuska, Baba ya ce har yanzu yana jin sa. Na buɗe baki zan yi masa tsiya yadda na saba, sai na ga idonsa na kallon kusurwar da kantun yake, na fasa. Tun daga ranar tukunya biyu nake ɗorawa. In miya ta haɗu sai in ɗebe tasa a ƙaramar tukunya kafin in zuba gishiri a tamu. Haka yake cin ta, ba ya ƙorafi, kuma yana cinyewa.

Kwanan baya maƙwabciyata ta shigo aron rariya ta tarar ina raba miyar. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "Allah sarki, tsoho. Hawan jini na?"

Na ce mata e, na miƙa mata rariyar.